Ka Maido Mani da Shi Yadda Yake

Kankara, tsakiyar Satumba 2021

Zuwa ga Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Inna da sauran mutanen Sabuwa. Mu ma nan lafiya, sai ƙafar Alhaji da ke tashi in hadari ya haɗu.

Ba don an yanke sabis ɗin waya ba, da ban san har yanzu ana sayar da ambulan a garin nan ba. Ga ni da digirina na kwamfuta daga Zariya, ina lasar bakin takarda ina roƙon Salim direba ya kai maki. Shi ma sai ya zagaya ta Malumfashi da Funtuwa, tunda an hana motocin haya bin hanyar Sheme.

Kin san ba ni na zaɓe ki a aikin nan ba. Ƙungiyar manoma ni ta ba aikin manhajar Rumbun Iri, wadda za ta tara sunayen tsofaffin irin dawa da gero kafin su ɓace, a nuna ta a taron Katsina cikin Disamba. Alhaji ne ya matsa, wai kakanki Mani da kakata nono ɗaya suka sha, kuma wai kin iya zama da tsofaffi. To, ki zauna da su. Sauran aikin na masu ilminsa ne.

Ga filash cikin ambulan, aikin duka yana ciki. Git, wato abin da ke riƙe tarihin duk canjin da muka yi, ba ruwansa da sabis. Na raba aikin reshe biyu. Naki sunansa iri, nan ne sunayen da kika tara kafin a yanke waya suke. Nawa sunansa fuska, nan nake ƙawata yadda manhajar za ta bayyana. Ki buɗe baƙin allon nan da kike tsoro, ki rubuta git switch fuska, ki ga yadda ake aiki. Ina fatan kwas ɗinki na wata uku a Funtuwa ya kai ki nan.

Ki gaida Inna.

Almu

Sabuwa, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Injiniya Almu,

Wa'alaikumus salam. Lafiyarmu lau. Inna ta amsa, ta ce a shafa wa Alhaji man kaɗanya da ɗumi. Allah ya ba shi sauƙi.

Na rubuta abin da ka ce, harafi da harafi. Ina dannawa, fayil ɗina ya ɓace. Sunayen da na bi gida gida a Sabuwa na tara tun farkon damina, babu ko ɗaya. Na duba ko'ina cikin filash ɗin. Abin da ya rage sai kayanka.

Kuma na ga kayan naka. Injiniya, hoton da ka sa a saman shafin dawa, masara ce. Masarar ma ba irin tamu ba, ta wata ƙasa ce mai hasken kanti. Ka rubuta maiwa da gero a layi ɗaya kamar abu guda. Ɗan aji ɗaya a makarantar da nake koyarwa ba zai yi wannan ba, don shi ya taɓa shiga gona da ƙafarsa. Kai kau a bayan gidanku gonar Alhaji take, amma na ji an ce ko lokacin girbi daga inuwar zaure kake yi wa ma'aikata sannu.

In ka share aikina ne don sunanka kaɗai ya fito a Katsina, ka faɗa mani kai tsaye. Ba sai ka sa na yanka akuyata da hannuna ba. Kwas ɗin wata uku bai koya mani komai da yawa ba, amma ya koya mani gane wanda ke jin kansa.

Ina jiran amsa ta hannun Salim.

Ramatu

Kankara, farkon Oktoba

Malama Ramatu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ƙafar Alhaji ta yi sauƙi, ya ce a gode wa Inna.

Na karanta wasiƙarki na yi dariya har Hajiya ta leƙo ta ga ko lafiya. Babu abin da ya ɓace. Wanda ya bar ɗakinsa ya shiga ɗakin maƙwabci ba ya fitowa yana kururuwa an sace mashi gado. Da kika koma reshena, git ya kwashe kayanki ya adana, ya shimfiɗa maki nawa. Ki rubuta git switch iri, ki ga ko suna ɗaya ya yi ciwon kai. Duk abin da aka riga aka kulle da git commit, ya shiga tarihi, ba ya mutuwa. Na ɗauka wannan ko a Funtuwa ana faɗa.

Maganar hoto, na wucin gadi ne. Ba sai an koya mani dawa ba.

Tunda maganar tarihi ta zo, na duba kulle-kullen da kika yi a baya kafin in aiko maki filash. Wani kin sa mashi suna "na gyara", wani "na ƙara gyarawa", wani "yanzu dai ya yi". Har hoton bikin sunan ɗiyar ƙawarki kin kulle cikin aikin ƙungiya. Mutanen Katsina za su iya buɗe tarihin nan, kuma sunana ne a kai. Saboda haka daga yau kada ki ƙara yin git commit. Ki rubuta abin da tsofaffinki suka faɗa, ki adana fayil ɗin kawai, ki aiko. Ni zan duba, in share shirme, in kulle da hannuna.

Ban ce ki ba ni haƙuri kan zargin sata ba. Na san ba a koyar da shi a wata uku.

Almu

Sabuwa, ƙarshen Oktoba

Yaya Almu,

Sallama da fatan alheri. Na yi jinya kaɗan, zazzaɓin kaka, amma na miƙe. Ina fatan kowa lafiya.

Fayil ɗin ya dawo kamar yadda ka ce. Layi ɗaya ne ka kasa rubutawa a wasiƙar farko, ka bar ni ina zubar da hawaye a ɗakin malamai. Mai ilmi ke nan.

Na yi shiru ne don na yi tafiya. Akwai wani tsoho, Baba Ɗanasabe, a wata unguwa can bayan Sheme a ƙasar Faskari. Yana kan al'adar iyayensa, kuma duk yankin an san babu mai irin shuka kamar nashi. Ɗansa Samuel, wanda muke koyarwa tare, shi ya kai ni. Inna ta yi ta faɗa saboda hanya, na tafi dai. Kwamfutar makaranta na aro, na soka filash ɗinka, ina rubutawa ciki kai tsaye.

Da na ciro waya zan naɗi muryarsa, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ɗiyata, muryata ba ta kwana a aljihun kowa. In za ki rubuta, rubuta." Ranar farko bai gaya mani komai ba, sai tambayata yake wace ce kakata, kuma ko na iya sussuka. Sai da matarsa Mairo ta ga na kama taɓarya, sannan ya sa aka buɗe rumbu.

Yaya, da ka ga abin da ke cikin rumbun nan, da ka cire masararka don kunya. Zangarniya iri iri a rataye, kowace da sunanta da labarinta. Kaura da farafara da janjari duk mun sani. Amma akwai wata dawa mai ɗigo-ɗigo da yake kira mai wuyan zabuwa, ya ce tsuntsu ba ya son ta. Akwai wadda ake shukawa in ruwa ya makara, akwai wadda sai a fadama, akwai wadda kakarsa ta zo da ita gidan aure ƙulle a bakin zane. Yana faɗa ina rubutawa har yatsuna suka ƙage. Da zan taho ya ce, "'Ya'yana sun koma irin kanti. Ke ce ta farko da ta tambaya."

Na bi dokarka, ban kulle komai ba. Ga filash nan, tunda ka aiko Salim ya ce kana son ka sa hotuna. Ka duba in ka ga dama, amma ba na son gyaranka a maganar tsohon nan. Ka maido mani da fayil ɗin iri yadda yake.

Ramatu

Kankara, farkon Nuwamba

Ramatu,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya.

A gurguje nake, don Salim na jira a tasha. Wasiƙarki doguwa ce, na karanta farkonta da ƙarshenta, labarin taɓarya zan karanta in na samu sarari.

Na soka filash zan koma reshena, git ya ƙi. Ya ce akwai canje-canje a fayil ɗin iri da ba a kulle ba, in na sauya reshe za su lalace. Na san dai kin sake yin wata ɓarna. Da na ga ke da kanki kin rubuta in maido maki da fayil ɗin yadda yake, na ce madalla, yau Ramatu ta gane ta dagula abu har tana neman taimako. Na rubuta git restore, fayil ɗin ya koma tsaf yadda yake a kullin ƙarshe. Ko minti bai ɗauke ni ba. Daga nan na koma reshena, na zuba hotunan dawa na gaskiya har filash ya kusa cika, don ki huta da gori.

Ga shi nan. Yanzu sai ki zuba bayanan tsohon naki a tsanake, kada ki sake hargitsa shi. Ba sai kin gode ba.

Almu

Sabuwa, tsakiyar Nuwamba

Almu,

Muna raye. Ban da wannan ba ni da labarin lafiya da zan ba ka.

Motar Salim ta lalace a Funtuwa, wasiƙarka ta daɗe a hanya. Da ta iso na buɗe fayil ɗin, na ga sunayen Sabuwa na damina kaɗai. Na tuna dariyarka, na ce kada in sake ba da kaina. Na sauya reshe, na dawo, na sake sauyawa. Sannan na koma na karanta wasiƙarka a hankali, abin da kai ba ka yi wa tawa ba.

Wane bayani zan zuba? Abin da ka kira ɓarna, shi ne bayanin. Maganar Baba Ɗanasabe ce git ya tsaya a gabanta ya ce maka kada ka wuce. Na'ura ta ji tsoron abin, kai ba ka ji ba. Ba ka buɗe ka karanta ko layi ɗaya ba.

Na ce ka maido mani da shi yadda yake. In ka ba tela yadi ka ce ya maido maka yadda yake, sai ya warware shi ya koma zare? Jimlar da ke gabanta ta ce ba na son gyaranka. Tana nan a farkon layin da ka ce ka karanta.

Ba ni da wani kwafi. Kwamfutar makaranta an kai ta gyara an goge komai a cikinta. Ban rubuta a takarda ba, ban naɗi murya ba.

Kuma ga abin da ba ka sani ba, tunda labari ba ya iso inuwar zaurenku. Makon jiya 'yan bindiga sun shiga unguwar su Baba Ɗanasabe. Mutane sun tsira da ransu, alhamdu lillahi, suna cikin garin Faskari a raɓe. Rumbunan an cinna masu wuta. Samuel ya je ya gani, ya ce toka ce kawai.

Ga filash ɗin na sake aiko maka. Kai ne ka ce abin da ke cikin git ba ya mutuwa. To, mai digiri, tashe shi.

Ramatu

Kankara, ƙarshen Nuwamba

Ramatu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar masu da alheri. Alhaji ya ce a jajanta wa Samuel. Mu nan lafiya.

Ki gyara zancenki. Abin da na ce shi ne, abin da aka kulle ba ya mutuwa. Naki ba a kulle ba. Git restore yana ɗauko tsohon fayil ya shimfiɗa a kan sabo, kuma ba ya ajiye abin da ya danne, domin git bai taɓa riƙe shi ba. Na gwada manhajojin tono abin da aka goge, har na je Malumfashi wurin wani abokina. Hotunan da na zuba sun hau kan wurin. Abin da ya fito guntayen haruffa ne marasa ma'ana.

Na san za ki ce ni na hana ki kullewa. Haka ne, amma mai hankali yana sanin inda doka ke tsayawa. Wanda ya san darajar abu yana kwafarsa wuri biyu. Kuma da kin rubuta Hausa mai fuska ɗaya, da ba mu zo nan ba. A aikinmu, in an ce a maido da fayil yadda yake, ma'anarsa ɗaya ce. Ba laifina ba ne in kina amfani da kalmomin da ba ki san nauyinsu ba.

Yanzu dai a duba gaba. Taron Katsina ya matso, kuma fuskar manhajar ta yi kyan da ba a taɓa gani ba a jihar nan. Ina da wani littafin aikin gona na jami'a mai jerin irin dawa. Zan kwashe sunayen in zuba, mu sa Baba Ɗanasabe a matsayin wanda ya ba da bayani, da ɗan labarin rumbun da ya ƙone. Zai taɓa zuciyar mutane. Ke kuma ki ƙara abin da kika tuna, kamar mai wuyan kazar nan. Dawa dai dawa ce, babu wanda zai bincika a zauren taro. Shi kuma tsohon sunansa zai fito, abin da bai taɓa mafarki ba.

Ki amsa da wuri.

Almu

Faskari, farkon Disamba

Almu,

Ina gaida Alhaji da Hajiya da kyau, ka isar masu. Lafiyata lau. Daga Faskari nake rubuto maka, gobe zan koma Sabuwa.

Zabuwa ce, ba kaza ba.

Na zo na samu Baba Ɗanasabe. Suna zaune a wani shago da ba a gama ginawa ba, bakin hanya, an tare ƙofar da buhu. Na same shi a kan benci yana kallon motoci. Mutumin da na bari yana hawa rumbu da ƙafarsa, yanzu sai an kama shi zai miƙe.

Ya gane ni. Ya ce, "Ɗiyata mai rubutu. Da wuta ta tashi na ce wa Mairo, ba komai, sunayensu na wurin yarinyar nan."

Na durƙusa na gaya mashi gaskiya. Ban ambaci sunanka ba, kada ka ɗauka don na rufa maka asiri ne. Kunya na ji a ce jinina ne. Na ce rubutun ya goge, ko zai daure ya sake faɗa mani.

Ya ce, "Da ina kallon zangarniya nake kiran sunanta. Yanzu me zan kalla?" Ya gwada, don kada in tashi hannu wofi. Ya kira kaɗan, ya tsaya, ya sake kiran waɗanda ya riga ya kira. Sai ya juya fuskarsa wajen bango. Samuel ya yi mani alama in ƙyale shi.

Da na fito, Mairo ta biyo ni bayan shagon. Ta kwance wata tsohuwar safa daga cikin kayanta. Ranar da suka gudu tana cikin zaɓen iri, ta dumbuza abin da hannunta ya kai ta zuba. Duk a gauraye yake, fari da ja da mai ɗigo. Ta raba biyu ta ba ni rabi. Ta ce, "Ni ban san sunayensu duka ba, shi ya sani. Ki shuka. In sun fitar da kai, ki yanko ki kawo mashi ya gani, in yana nan."

Bayan gidanmu akwai fili. Ruwan farko zan shuka su, layi layi.

Game da shawararka. Na karanta ta sau ɗaya, na ba Inna ta hura wuta da ita. Ka goge maganar mutum don ƙyuyar karatu, yanzu kuma kana son ka sa mashi wata a baki, ka tallata gobararsa don a tafa maka. Na daɗe ina ganin girman kai ne ciwonka. Ashe na yi maka kyakkyawan zato.

Ka riƙe filash ɗinka. Ka je Katsina ka nuna masu launukanka. Amma na rubuta wa shugaban ƙungiya, Samuel ma ya sa hannu. In sunan Baba Ɗanasabe ya fito a allon nan, ko nawa, Samuel zai miƙe a zauren ya faɗi yadda aka yi, kuma yana da murya.

Zumunci na Allah ne, ba zan yanke shi ba. In mun haɗu a biki ko a makoki zan gaishe ka, ka amsa, kowa ya kama gabansa. Kada ka sake ba Salim takarda da sunana. Na gaya mashi in ka ba shi, ya maido maka.

Ramatu